Babban Wazirin Ingila Da Doki Mai Tutsu

Ina da wani aboki, tun muna yara muke tare. Tare muka yi karatun allo, tare aka ɗebe mu aka kai makarantar boko, yau kuwa ga shi furfura ta fito mana mu duka biyu. Ba zan faɗi sunansa ba, don in ya gan shi cikin jarida sai ya ce na tona masa asiri. Yana da wani doki aharas, wanda wani babban mutum ya ba shi kyauta shekarun baya. Ran da aka kawo dokin nan, duk wanda ya gani sai ya tsaya ya yaba, don ga wuya, ga ƙirji, ga taƙama. Amma yanzu ƙafafunsa na gaba sun gaji. In an kwance shi daga turke da safe sai ka ga yana ɗan ɗingishi, in jikinsa ya ɗau ɗumi sai ɗingishin ya ɓuya, har wanda bai sani ba ya ce lafiya lau yake. Sau biyu ina gani da idona ya yi tuntuɓe bisa kwalta, ya durƙusa da mai shi, sau ɗaya kuwa ga babura suna wucewa dama da hagun.

Na yi masa magana cikin wasa, ya yi dariya. Na yi masa cikin fushi, ya ce, "Haba, wane, ni da dokin nan ai mun san juna." Yaron da ke yi masa hidimar barga ya riga ni faɗa, aka ce masa yaushe aka haife shi. To, damuwar nan ce ta hana ni barci wata rana da dare, na tashi na jawo littattafan tarihi, na koma kan labarin wani Bature wanda a zamaninsa babu wanda ya fi shi hankali a ƙasarsu, amma doki ya kashe shi bayan an gargaɗe shi. Ku 'yan makaranta, ku matso ku ji, don watakila kun taɓa gamuwa da sunansa cikin darasin tarihi, ba a gaya muku yadda ya ƙare ba.

Sunansa Sir Robert Peel. An haife shi cikin watan Fabrairu na 1788, kusa da wani gari da ake kira Bury a arewacin Ingila. Ubansa ba ɗan sarauta ba ne tun asali, attajiri ne mai masaƙu, wanda ya tara dukiya da saƙar auduga da buga zane ga yadi. Uban nan ya ƙudura a ransa ɗansa zai zama babban mutum cikin mulkin ƙasa, ya kuwa shiga shirya shi tun yana ƙarami. Ya kai shi makarantar Harrow, daga nan ya wuce jami'ar Oxford, inda ya fita da daraja ta ɗaya a fanni biyu, watau harsunan mutanen da da kuma lissafi. A 1809, yana da shekara 21 tak, ya shiga majalisar dokokin Ingila. Bai fita daga cikinta ba sai da mutuwa ta fitar da shi.

Ayyukan da ya yi suna da yawa, ba za mu tsaya lissafa su duka ba. Ɗaya dai ya kamata ku riƙe. A 1829, sa'ad da yake wazirin harkokin cikin gida, shi ya kafa 'yan sandan birnin Landan, mutum wajen dubu da fari, aka sa musu shuɗin kaya da doguwar hula, ba a ba su bindiga ba sai ɗan kulki. Mutanen gari suka laƙa musu suna "Bobi", watau daga Robert, sunan kuwa ya bi su har yau. Sau biyu ya zama Babban Waziri, wanda suke kira Firayim Minista: na fari daga 1834 zuwa 1835, 'yan watanni kaɗai, na biyu daga 1841 zuwa 1846. A 1842 ya maido da harajin samu, kwabo bakwai cikin kowane fam, bisa wanda samunsa ya wuce fam 150 a shekara, don ya sami damar rage kuɗin fito bisa kayan da talaka ke saye.

Amma abin da ya sa na ɗauko labarinsa wani hali ne da aka san shi da shi, wanda ba a cika samunsa ga manya ba. Peel mutum ne wanda in ya ga hujja ta kā da ra'ayinsa, sai ya saki ra'ayin, ko da kuwa duniya za ta zage shi. Sau biyu ya yi haka a bainar jama'a, kowanne kuwa ya biya da tsada.

Na fari kan 'yan ɗarikar Katolika ne. A zamanin nan doka ta hana su zama cikin majalisa, alhali kuwa yawancin mutanen tsibirin Ailan, wanda ke ƙarƙashin sarautar Ingila a lokacin, Katolika ne. Peel ya yi kusan shekara ashirin yana kan gaba cikin masu cewa kada a taɓa wannan doka. Sai a 1828 wani lauya ɗan Ailan, Daniel O'Connell, ya tsaya zaɓe ya ci, ga shi kuwa doka ba ta yarda ya zauna ba. Ƙasar Ailan ta ɗauki zafi, har ana tsoron yaƙin basasa. Peel ya duba, ya ga in an ci gaba da taurin kai jini zai zuba. Shi da kansa, tare da Wellington, jarumin nan da ya ci Napoliyon da yaƙi a 1815, wanda shi ne Babban Waziri a lokacin, suka kawo dokar da ta buɗe wa Katolika ƙofar majalisa a 1829. Mutanen Oxford da suka zaɓe shi don ya tsare tsohuwar doka suka ce ya ci amanarsu. Ya ajiye kujerar don su sāke zaɓe, suka kuwa kā da shi, sai wani wuri ya nema.

Na biyu ya fi wannan girma, shi ne kan dokar hatsi. Tun 1815 akwai doka wadda ta ɗora kuɗin fito mai nauyi bisa hatsin da ake kawowa daga ƙasashen waje. Amfaninta ga masu manyan gonaki ne, don alkamarsu ta yi tsada, wahalarta kuwa ga ma'aikacin masaƙa wanda zai sayi burodi. Jam'iyyar Peel, watau Tori, ta masu gonakin ce, sun kuma ɗora shi bisa mulki a 1841 da nufin ya tsare musu dokar nan. Ana nan sai a 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a Ailan, dankalin nan kuwa shi ne tuwon talakawan ƙasar, safe da dare. Ya ruɓe cikin ƙasa. Yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya cikin 'yan shekaru, wasu kamarsu suka yi ƙaura. Peel ya sa aka sayo masara ta fam 100,000 daga Amurka a asirce, kāna ya tashi cikin majalisa ya ce ba shi yiwuwa a riƙa tare hatsi a bakin teku mutane suna mutuwa. Wajen kashi biyu cikin uku na 'yan jam'iyyarsa suka juya masa baya. Wani ɗan majalisa mai kaifin harshe, Disraeli, ya yi ta yankansa da baƙar magana dare bayan dare. Duk da haka, da taimakon abokan hamayyarsa, aka soke dokar cikin watan Yuni na 1846. A daren da majalisar manyan masu sarauta ta amince, a daren nan nasa suka haɗa kai da abokan gāba suka kā da shi kan wata doka dabam. Ran 29 ga Yuni, 1846, ya sauka daga mulki. Ku riƙe wannan rana, za mu komo kanta.

To, kun ji irin mutumin. Mai awo ne, mai lissafi, mai sauraron hujja ko daga bakin maƙiyi ta fito. Yanzu sai mu zo ga doki.

A Ingila ta wancan zamani babu mota. Jirgin ƙasa ya fito, amma cikin gari doki ne kome: shi ke jan keken haya, shi ke jan kaya, shi manya ke hawa su fita kilisa da la'asar. Babban mutum a Landan in bai fita kilisa ba kamar bai cika ba. Peel kuwa, duk iliminsa, ba gwanin hawa ba ne. Waɗanda suka san shi sun shaida zamansa bisa sirdi ba shi da kyau, ga shi kuma a 1850 ya kai shekara 62, jiki ya yi nauyi. Irin wannan mutum doki mai sanyin hali ya kamace shi, wanda ko an buga bindiga kusa da kunnensa ba zai motsa ba.

Cikin bazarar shekaran nan ya bukaci sabon dokin hawa. Wani abokinsa, ɗan majalisa, ya ɗauki nauyin nema masa. Ya tafi kasuwar dawaki ta Tattersall, wadda ta fi kowace suna a Ingila, ya sayo wani doki ɗan shekara takwas. Kada ku ce abokin nan ya yi sakaci. Bai aika da dokin nan da nan ba, sai da ya hau shi da kansa kwana da kwanaki cikin titunan Landan, ya ratsa da shi cikin kekunan haya da hayaniyar gari, bai ga wani aibi ba, sa'an nan ya aika wa Peel. Da zuciya ɗaya ya yi.

Masu sanin doki sun ce aibinsa iri biyu ne. Akwai na jiki, kamar ɗingishi, ko kumburin ƙafa, ko ciwon kofato, ko numfashi. Akwai kuma na hali, kamar tutsu, da harbi, da cizo, da yawan firgita. Na jiki, mai ido yakan gane shi a kasuwa in ya shafa ƙafa ya duba tafiya. Na hali shi ne mugu, don doki yana iya ɓoye shi wata guda, ya yi ta tafiya kamar tunkiya, sai ran da abin ya motsa. Iri biyun kuwa inda suka haɗu shi ne, kowanne yakan bar mahayi ya sauka lafiya sau da yawa, har ya saki jiki. Mutum ya hau yau ya komo, ya hau gobe ya komo, sai ya ɗauka komowar nan shaida ce. Dokin Peel aibinsa na hali ne. Bayan abin ya faru ne magana ta fito fili, cewa waɗanda suka san shi tun da sun san shi da tutsu da harbi.

Amma akwai wanda ya gani tun ba a kai ga haka ba. Baran Peel mai kora masa keken doki, mutumin da aikinsa ke nan dare da rana, ya dubi dokin nan bai kwanta masa a rai ba, ya kuwa gaya wa maigidansa kada ya hau shi. Peel bai ji ba. Ya ci gaba da hawa wajen wata biyu, kullum yana komowa lafiya.

A nan ne nakan tsaya in yi ta mamaki. Mutumin da ya saki ra'ayin shekara ashirin don ya ga hujja, mutumin da ya yarda ya rasa mulki da jam'iyya da abokai don ya ga hujja, yaya aka yi maganar doki ɗaya ta gagare shi? A ganina abu uku suka taru. Dokin daga hannun aboki ya fito, wanda ya sha wahalar nema da gwadawa, mayar da shi kuwa kamar cewa ne, "Ba ka iya zaɓe ba." Gargaɗin daga bakin bara ya fito, shi kuwa babba yakan saurari na ƙasa da shi kan kome, ban da abin da ya shafi jaruntakarsa. Na uku shi ya fi wuya. Dokar hatsi maganar ƙasa ce, mutum yana iya cewa, "Na duba lissafi, na ga da na yi kuskure," girmansa ma ya ƙaru. Amma dattijo ya ce, "Dokin nan ya fi ƙarfina," wannan maganar jikinsa ce da shekarunsa, ba kowa ke iya furta ta ba. Wannan fa ra'ayina ne, ba Peel ya faɗa ba.

Ran Jumma'a, 28 ga Yuni, 1850, aka yi babbar muhawara a majalisa. Wazirin harkokin waje, Palmerston, ya aika da jiragen yaƙi sun tsare gāɓar ƙasar Girka, don a tilasta ta biya diyya ga wani mutum, Don Pacifico, haifaffen Jibraltar, wanda aka washe gidansa a birnin Atina. Dare huɗu ana jayayya ko abin da ya yi daidai ne. A dare na ƙarshe Peel ya tashi ya yi magana, ya ce bai yarda babbar ƙasa ta riƙa nuna wa ƙanana ƙarfi haka ba, amma cikin ladabi ya faɗa, har ya yabi iya maganar Palmerston. Ba wanda ya san jawabinsa na ƙarshe ke nan. Ba a tashi ba sai wajen ƙarfe huɗu na asuba, ya koma gida gari na wayewa.

Barci kaɗan ya yi. Da hantsi ran Asabar ya tafi taron masu shirya babban baje kolin duniya da za a yi a Landan a 1851, wanda Albert, mijin Sarauniya Biktoriya, ke shugabanta. Ya komo gida ya yi 'yan rubuce-rubuce. Wajen ƙarfe biyar na yamma ya ce a ɗaura sirdi. Ranar kuwa 29 ga Yuni ce, shekara huɗu daidai da saukarsa daga mulki.

Ya fita, wani bara yana biye da shi bisa wani dokin. Ya biya fādar Buckingham ya rubuta sunansa cikin littafin masu gaisuwa, kamar yadda al'adarsu take. Daga nan ya kama wata hanya mai ɗan hawa da ake kira Constitution Hill, wadda ta bi gefen wani lambu ta nufi kusurwar Hyde Park. Abin tausayi, a kusurwar nan kasuwar Tattersall take a lokacin, watau kamar dokin yana komawa inda aka sayo shi. Ya kusa ƙarshen hawan sai ya gamu da wata yarinya 'yar gidan manya wadda ya sani, ita ma bisa doki. Ya gaishe ta. Nan take dokinsa ya firgita, ya shiga tutsu, yana harbi da ƙafafun baya, ya watso shi ta bisa kansa, ya fāɗi rub da ciki.

Da iyakar abin ke nan, watakila da ya tashi da 'yar ƙujewa. Amma bai saki linzami ba. Da ya fāɗi yana riƙe da shi, sai ya fizgo dokin, dokin ya yi tuntuɓe da shi, ya durƙusa da gwiwoyinsa bisa bayansa, tsakanin kafaɗu. Ku da ke hawan dokin iyayenku a ɓoye, ku lura da wannan.

Mutane suka sheƙo. Aka yi sa'a akwai wani likita ɗan Glasgow cikin masu wucewa, jim kaɗan kuma ga likitan Sarauniya, Sir James Clark. Wata mace ta ba da keken dokinta, aka ɗora shi, aka nufi gidansa a Whitehall Gardens a hankali. Da aka isa ƙofa ya ɗan farfaɗo, har ya taka da ƙafarsa ana riƙe da shi, amma da ya haɗa ido da matarsa, Julia, wadda suka yi shekara talatin tare, sai ya sāke suma. Ba a iya hawa da shi bene ba, aka kwantar da shi cikin ɗakin cin abinci. Daga ɗakin nan bai fita da rai ba.

Aka kira manyan likitocin Landan, har da Sir Benjamin Brodie, wanda ya fi kowa suna wajen aikin fiɗa. Suka ga ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗar hagun ya karye. Suka so su bincika sauran jikin, abin ya faskara, don ko yaya aka taɓa shi sai azaba ta kai shi ga suma. Ko ɗaurin da suka yi masa sai da suka kwance. Ku da kuka tashi kuka tarar ana ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ku sani ba a gano wannan dabara ba sai 1895. Maganin sa barci kuwa, wanda ake shaƙa wa majiyyaci, ya fito tun 1846, amma sabo ne, likitoci da yawa suna tsoronsa, ba a yi masa aiki da shi ba. Sai bayan ya rasu aka tarar akwai haƙarƙarin da ya karye ta wajen hagun, yana danne huhu.

Kwana uku ya yi yana jinya. Cikin kwanakin nan aka ga wani abin da manyan Landan ba su zata ba. Su a wurinsu Peel mutum ne mai sanyin fuska, marar fara'a, wanda ya ci amanar jam'iyyarsa. Sai ga talakawa sun cika titin ƙofar gidansa, ma'aikata da kayan aikinsu, mata da goyo, sun yi tsit dare da rana suna jiran labari. In likitoci suka rubuta yadda jikin yake, sai ɗan sanda ya karanta wa jama'a, 'yan sandan da shi ya kafa su. Albert ya zo da kansa, Wellington ya zo, tsoho ɗan shekara tamanin da ɗaya. Ran Talata, 2 ga Yuli, da dare, aka kira 'ya'yansa da aminansa suka yi sallama da shi ɗaya ɗaya. Jim kaɗan bayan ƙarfe goma sha ɗaya ya cika.

Majalisa ta tashi don makoki. Wellington, wanda ya ga gawa dubbai a fagen fama, da ya tashi zai yi maganarsa gaban manyan masu sarauta sai hawaye suka zubo masa, abin da ya fi yabawa kuwa shi ne gaskiyar mutumin. Gwamnati ta so a binne shi a Westminster inda ake binne sarakuna da manyan ƙasa, iyalinsa suka ce ya bar wasiyya a kai shi ƙauyensu. Aka kai shi Drayton Bassett aka sa shi kusa da iyayensa. Aka yi wa matarsa tayin sarauta, ta ƙi, don ya ce kada wani nasa ya karɓi lada saboda aikin da ya yi wa ƙasa. Ma'aikata kuma suka yi karo-karo don tunawa da wanda ya sauƙaƙa musu burodi, kowa kwabo ɗaya, mutum wajen 400,000. A kuɗin wancan zamani kwabo 240 ke fam guda, sai ku yi lissafin da kanku. Da kuɗin aka riƙa sayen littattafai ana rabawa ɗakunan karatu na ma'aikata.

Cikin dukan mutanen labarin nan, biyu nakan tuna, ba kuwa Sarauniya ko Wellington ba. Ɗaya abokin da ya sayo dokin. Ku auna yadda ya kwana ran 29 ga Yuni, da yadda ya riƙa shiga majalisa bayan haka yana ganin wurin da Peel ke zama. Ɗayan kuwa baran nan mai kora keken doki. Shi ya faɗi gaskiya, ya sauke nauyi, ba wanda zai zarge shi. Amma ban tsammani wannan ya sanyaya masa zuciya ran da aka shigo da maigidansa a sume. Ina ji ya yi ta tambayar kansa: don me ban maimaita ba? Don me ban gaya wa uwargida ba? Don me ban ce dokin ba shi da lafiya ba, in ɓoye sirdin, ko da za a kore ni? Mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne kuwa, ajali ba ya jinkiri. Sai dai wanda ya gani tun da wuri ya faɗa sau ɗaya ya yi shiru, wannan magana ba ta cika yi masa magani ba.

Ni dai ba na so in zama ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka da na gama rubutun nan, kafin in aika wa Edita, sai na naɗe takardun na tafi gidan abokina da la'asar. Na tarar da shi zaune bisa buzu a ƙofar barga, aharas yana cin harawa, ya ɗan ɗage ƙafar dama ta gaba, kofaton yana taɓa ƙasa da baki kaɗai. Muka gaisa, na ce na zo da labari. Na karanta masa tun daga haihuwar Peel har kwabon ma'aikata, yaron barga yana tsugune nesa kaɗan, ya kasa kunne. Da na zo wurin linzami na ga abokina ya dubi tafin hannunsa.

Na ƙare, muka yi shiru. Can ya nisa ya ce, "Allah Sarki, mutumin kirki. Amma ai kai da bakinka ka ce aibi iri biyu ne. Nasa tutsu ne. Nawa kuwa bai taɓa yi mini tutsu ba."

Na ce, "Bai taɓa ba. Durƙusawa yake yi."

Ya ce, "In na daina hawansa, wanda ya ba ni ya ji, me zan ce masa?"

Na ce, "Ka ce masa dokin ya tsufa, ka bar shi ya huta. Ni zan raka ka mu faɗa tare. In ya so ran hawan salla ka ari na ƙanena."

Bai amsa ba. Ya tashi ya je ya tsuguna, ya shafa ƙafar tun daga gwiwa har kofato, ya daɗe yana riƙe da ita. Sa'an nan ya ce wa yaron gobe da sassafe ya je ya kirawo malamin dabbobi ya duba. Na ce alhamdu lillahi. Har na miƙe zan tafi, sai na ji ya ce, "Amma yau dai kawo sirdin, in ɗan taka da shi zuwa ƙofar gari, kada ƙafar ta sandare."

Yaron ya dube ni, na dube shi. Aka ɗaura sirdi, ya hau. Na tuɓe takalmana masu santsi na ba yaron, na ari nasa, na kama ragama, na bi su a ƙasa har ƙofar gari, na komo da su.